Asusun lafiya: akwai riba ko babu?

1. Ciwo ba ya jiran kaka

Madarunfa tana kudu da Maraɗi, kusa da iyakar Nijeriya. An san ta da babban tabkinta da kaburburan waliyyai da ke kewaye da shi. Mafi yawan mutanen gundumar manoma ne. Suna noma hatsi da dawa da wake da gujiya. A Jiratawa akwai masu noman rani. A bakin tabki akwai masunta.

Manomi da kaka yake samun kuɗi. A lokacin nan rumbu cike yake, kasuwa tana ci, aljihu yana da nauyi. Ciwo kuwa da damana ya fi yawa. In ruwa ya kwanta, sauro ya yaɗu, masassara ta shiga gida-gida. A watannin Agusta da Satumba gidajen likita suna cika da marasa lafiya. A daidai wannan lokaci ne hatsin bara yake ƙarewa, na bana kuma bai nuna ba. Watau ciwo yana zuwa lokacin da kuɗi suka tafi.

To, me magidanci yake yi in an kwanta ciwo a gidansa, ba shi da ko dala? Wani yakan jira kwana biyu ko uku, ko jikin zai yi sauƙi. Wani yakan sayi ƙwaya wurin mai talla, ba tare da an auna marar lafiya ba. Wani yakan ci bashi, ya biya da hatsi in kaka ta yi. Wani yakan kai akuya kasuwa, ya sayar da ita da araha, don mai saye ya ga alamar matsuwa. Duk waɗannan hanyoyi suna da hasara. Mafi muni ita ce jira, domin masassarar cizon sauro tana iya yin tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu.

Saboda wannan matsala ne aka ƙirƙiro asusun lafiya.

2. Mene ne asusun lafiya?

Asusun lafiya ƙungiya ce ta taimakon juna. Mutane suna zuba kuɗi kaɗan tun suna lafiya lau. Ana tara kuɗin wuri ɗaya. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya kamu da ciwo, asusu ya biya masa kuɗin ganin likita da na magani, ko duka ko wani kashi.

Asusun lafiya ya bambanta da adashe. A adashe, kowa yana kwasar daidai abin da ya zuba in layinsa ya zo. Ya kuma bambanta da asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991. A can mata suna zubi kowane mako, suna ba juna rance, a ƙarshen zagaye su raba abin da aka tara. A asusun lafiya babu layi, babu rabo. Wanda ya yi ciwo shi ake biya wa. Wanda bai yi ciwo ba, kuɗinsa sun yi wa wani magani.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1873 aka kafa wani asusu a birnin Landan na ƙasar Ingila. Ma'aikata ran Asabar ake biyan su, sai kowa ya cire ƴan kwabbai ya zuba don asibiti. A shekarar 1948 gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin lafiyar jama'a. Irin waɗannan asusu ba su mutu ba, sai suka sake aiki. Yanzu suna biyan ƙananan buƙatu na yau da kullum, kamar gyaran haƙori da sayen tabarau. Mutum yana zubi kowane wata. In ya biya likita, ya aika da rasiɗi, a mayar masa da wani kashi na kuɗinsa. Amma akwai iyakar da ba a wucewa a shekara.

A Afirka ta Yamma, ƙauyen Fandan da ke kusa da Ces a ƙasar Senegal ya kafa nasa asusu a shekarar 1989. Ƙasar Ruwanda ta fara gwada nata a 1999. A Nijar an yi dokar da ta tsara asusun lafiya a shekarar 2008. Duk da haka, waɗanda suka shiga irin wannan asusu a karkarar Nijar kaɗan ne.

A ƙauye, hanyar biya a mayar wa mutum ba ta da amfani sosai, tunda matsalar ita ce rashin kuɗi a hannu ranar ciwo. Shi ya sa asusun karkara yakan ba kowane gida kati. Marar lafiya ya nuna kati a gidan likita, ya biya ɗan kashi, asusu ya cika sauran a ƙarshen wata.

3. Gwajin Boboye da Say

Da can, magani kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. Amma sau da yawa babu maganin. Sai a rubuta wa mutum takarda, ya tafi ya saya da tsada. A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako. Suka yarda jama'a su riƙa biyan wani abu, a riƙa sayo magani da kuɗin don kada ya yanke.

To, ta yaya za a biya? A shekarar 1993 Nijar ta gwada hanya biyu. Kafin a fara, an kai magani isasshe a gidajen likita na gundumomi biyu, an kuma horar da ma'aikata.

A gundumar Say, a jihar Tilaberi, ranar ciwo ake biya. Babba yana biyan dala 40, watau sefa 200. Ƙaramin yaro yana biyan dala 20.

A gundumar Boboye, a jihar Doso, tun kafin ciwo ake biya. Kowane mai biyan haraji an ƙara masa dala 40 a shekara. Ranar ciwo kuwa, babba dala 10 kawai yake biya, ƙaramin yaro dala 5.

A gundumar Illela, a jihar Tawa, ba a sake kome ba, don a sami abin kwatantawa.

Bayan an yi watanni ana aiki, masu bincike suka ƙidaya. A Boboye masu zuwa gidan likita sun ƙaru ƙwarai, kuma talakawa su ne suka fi ƙaruwa. A Say ba a ga irin wannan ƙari ba. Dalili a fili yake. Samun dala 10 ran ciwo ya fi samun dala 40 sauƙi. Kuma nauyin ya rabu a kan kowa, mai lafiya da marar lafiya.

A shekarar 1995 aka yi dokar biyan kuɗin magani a gidajen likita na ƙasa baki ɗaya. Hanyar biya ranar ciwo ita ce ta fi yaɗuwa. Amma gwajin Boboye ya bar darasi: in an biya tun da wuri, kuma kowa ya biya, mutane suna zuwa likita da wuri.

4. Abin da ba a biya, da abin da ya rage

Kafin mutum ya zuba kuɗinsa a asusu, ya kamata ya san abin da gwamnati ta riga ta ɗauke masa.

A shekarun 2005 da 2006 gwamnati ta yanke cewa ba za a biya kuɗin fiɗar haihuwa ba, da awon ciki, da tazarar haihuwa, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Tun shekarar 2013 kuma aka fara ba ƙananan yara maganin rigakafin masassara da damana, wata-wata, kyauta. Madarunfa tana cikin gundumomin da aka fara da su. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru da dama tana taimakon jinyar yara masu tamowa da masassara a wannan gunduma. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da na awo da na kwanciya a asibitocinta, ta kuma ce haihuwa kyauta ce, daga 1 ga Satumba na shekarar.

Ke nan asusun da ya ce zai biya abin da ya riga ya zama kyauta bai ƙara wa kowa kome ba.

Amma akwai sauran nauyi. Yaro ɗan shekara 5 zuwa sama yana biya. Uba da uwa da tsofaffi suna biya. Bayan an kafa tsarin kyauta, an yi shekaru gwamnati tana jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu. In haka ta faru, magani yakan yanke, sai a sayo a waje. Ga kuɗin mota ko na babur, in an tura marar lafiya daga Gabi ko Ɗan Isa zuwa asibitin Madarunfa, ko kuma babban asibitin Maraɗi. Ga abincin mai jinya. Ga gonar da aka bari ba noma. Waɗannan su ne abubuwan da ke cinye akuya.

5. A yi lissafi

Ga misali, don a gane yadda asusu yake aiki. Jika ɗaya ita ce dala 200, watau sefa 1,000.

A ce wani ƙauye yana da gida 100. Kowane gida ya zuba jika 6 a shekara. An tara jika 600. An kashe jika 60 wurin sayen littattafai da katuna da ladan mai rubutu. Saura jika 540.

A cikin shekarar, gida 20 ba su je likita ba ko sau ɗaya. Gida 70 sun yi ƙananan ciwo, asusu ya biya wa kowane jika 4. Jimla jika 280. Gida 10 sun gamu da babban ciwo, har aka kwantar da wani a asibiti. Asusu ya biya wa kowane jika 25. Jimla jika 250. Duka an biya jika 530. Jika 10 suka rage a akwati.

Wa ya ci riba? Gida 20 sun zuba jika 6, ba su karɓi kome ba. Gida 70 sun zuba 6, sun karɓi 4. Gida 10 kaɗai suka karɓi fiye da abin da suka zuba. Watau gida 90 cikin 100 sun karɓi ƙasa da zubinsu. Wannan ba zamba ba ce. Haka kowane asusu yake. Ba zai iya fitar da abin da ya fi wanda aka zuba masa ba, kuma tafiyar da shi ma tana cin kuɗi.

To, me ya sa mai hankali zai shiga? Domin ranar zubi babu wanda ya san ko gidansa yana cikin goman nan. Jika 6 da kaka tiya kaɗan ce ta wake. Jika 25 a watan Agusta kuwa tana iya raba gida da dabbarsa, ko ta jefa shi bashin shekara.

Yanzu a sake lissafin. A ce asusun ƙananan ciwo kaɗai yake biya, kuma ba ya wuce jika 5 ga gida ɗaya a shekara. Kowane gida ya zuba jika 4. An tara jika 400. An cire jika 60 na aiki, saura 340. Gida 70 sun karɓi jika 4 kowane, daidai abin da suka zuba. Gida 10 masu babban ciwo sun karɓi jika 5 kowane. Sauran jika 20 daga aljihunsu za su fito. Akuya dai sai ta tafi kasuwa.

A nan ne amsar take. Asusun da ke biyan ƙananan ciwo kaɗai bai fi ajiya a gida da yawa ba. Abin da mutum ya san zai kashe kusan kowace shekara, yana iya tanadinsa da kansa. Abin da ba ya zuwa kullum, amma in ya zo yake karya gida, shi ne sai an haɗa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka, akwai abu biyu da lissafi bai nuna ba. Na farko, kuɗin da aka ɓoye a gida ba su cika kai damana ba. Suna zai zo, biki zai zo, ɗan'uwa zai zo rance, cefane zai gagara. Kuɗin da ke asusu kuwa ba mai taɓa su sai don ciwo. Na biyu, mai kati ba ya jira. In miji ya tafi cin rani, matarsa ba sai ta nemi rance ba kafin ta kai yaro likita. Ciwon da aka tara da wuri, maganin ƴan daloli yake ci. Wanda aka bari ya yi ƙarfi, jikkuna yake ci, wani lokaci har da rai.

6. Abubuwan da ke kashe asusu

An kafa asusu da yawa a ƙasashen Afirka ta Yamma waɗanda ba su daɗe ba. Ga manyan dalilai.

Shigar marasa lafiya kaɗai. In mutum ba ya shiga sai ya ji ciwo, akwati zai ƙare nan da nan. Maganin wannan shi ne a rubuta gida gaba ɗaya, ba mutum ɗaya ba. Sabon shiga kuma ya jira ƴan makwanni ko watanni kafin a fara biya masa.

Ƙarancin mutane. Asusu mai gida 20, babban ciwo biyu sun isa su kwashe shi. In annoba ta faɗo, kamar kwalarar da ta ɓarke a gundumar Madarunfa a watan Yuli na 2018, gari guda ne ke kwanciya lokaci ɗaya. Wannan ya fi ƙarfin asusun ƙauye, aikin hukuma ne. Asusun da ya haɗa ƙauyuka da yawa ya fi na ƙauye ɗaya ƙarfi.

Rashin magani. In mai kati ya je gidan likita aka ce babu magani, ya biya sau biyu ke nan. Baɗi ba zai sake zubi ba. A tuna, a Boboye sai da aka kai magani kafin a karɓi kuɗin mutane.

Rashin amana. Kuɗin jama'a a hannun mutum ɗaya haɗari ne. Ƙungiyoyin mata masu asusu sukan sa wa akwatinsu kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Asusun lafiya ma yana buƙatar littafi, da rasiɗi, da taron da za a karanta lissafi da babbar murya.

Karɓar zubi ba a lokacinsa ba. Manomi ba mai albashi ba ne. Zubin wata-wata yana yi masa wuya. Zubi sau ɗaya da kaka ya fi dacewa da shi.

Zuwa likita ba dalili. Wani yakan ce tunda ya biya, sai ya fanshe kuɗinsa. Shi ya sa ake barin ɗan kashi da marar lafiya zai biya da hannunsa.

Barin marasa hali a waje. Wanda ya fi buƙatar asusu shi ne sau da yawa ba ya iya zubi. A Ruwanda mafi yawan jama'a sun shiga asusu, domin doka ta wajabta shiga, gwamnati kuma ta ɗauki zubin waɗanda ba su da hali. A ƙauye, masu hali suna iya biya wa maraya ko tsohuwar da ba ta da kowa.

Akwai kuma masu cewa tanadin kuɗin ciwo kiran ciwo ne. Amma manomi yana gina rumbu, ba don yana kiran yunwa ba. Ƙauyen da ya kafa bankin cimaka bai roƙi fari ba. Tanadi ne kawai.

7. Kafin a zuba kuɗi

Magidanci ko uwargida mai son shiga asusu, ya kamata ya sami amsar waɗannan tambayoyi:

Nawa ne zubi, kuma a wane wata ake karɓa?
Wane ciwo ake biya, wane ne ba a biya?
Ana biyan kwanciya a asibiti da kuɗin mota?
Mece ce iyakar abin da ake biya wa gida a shekara?
Wane gidan likita ne yake karɓar katin, kuma yana da magani?
Gida nawa ne suka shiga?
Wa yake riƙe kuɗin, wa kuma yake duba littafinsa?

In an amsa su a fili, a gaban jama'a, alama ce mai kyau. In ana kauce-kauce, gara mutum ya riƙe kuɗinsa.

8. A taƙaice

Asusun lafiya ba kasuwanci ba ne. Wanda ya shiga don ya karɓi fiye da zubinsa kowace shekara zai ji haushi. In ƙananan ciwo kaɗai asusun yake biya, ribarsa kaɗan ce: yana tsare kuɗin kaka har damana, yana kuma sa a je likita da wuri. In ya haɗa da babban ciwo da kuɗin mota, ga mutane da yawa a ciki, ga magani a gidan likita, ga riƙon amana, to ya cancanci a shiga. Wanda shekara ta wuce bai taɓa katinsa ba, bai yi hasara ba. Ya sami lafiya, kuɗinsa kuma sun tashi maƙwabcinsa daga kwance.

Tambayoyi

1. Me ya sa biyan kuɗin magani ya fi wuya da damana?
2. Mene ne bambancin adashe da asusun lafiya?
3. Yaya aka biya kuɗin magani a Say, yaya kuma aka biya a Boboye a 1993?
4. Ku faɗi abubuwa uku da gwamnati ta ce ba a biya.
5. Don me ake sa sabon shiga ya jira kafin a fara biya masa?
6. Me ya sa asusu mai gidaje da yawa ya fi mai gidaje kaɗan ƙarfi?

Lissafi

Wani asusu yana da gida 150. Kowane gida ya zuba jika 5. An kashe jika 70 wurin tafiyar da aiki. An biya wa gida 100 jika 3 kowane. An biya wa gida 12 jika 30 kowane. Jika nawa suka rage a akwati? Sefa nawa ke nan? Gida nawa ne ba su karɓi kome ba?

Aiki

Ku tambayi iyayenku yadda suke samun kuɗin magani da damana. Ku je gidan likita mafi kusa tare da malaminku, ku tambayi kuɗin ganin likita na babba da na yaro. Ku rubuta abin da kuka ji cikin layi goma, ku karanta wa ƴan ajinku.